Awon Ƙarfin Mahayin Keke: Wane Gwaji Ne Ya Fi Kusa Da Gaskiya?

Gabatarwa

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu akwai tafiyar kimanin kilomita 50. Wanda ya saba cin irin wannan zango a kan keke ya san akwai wani gudu da zai iya riƙewa na tsawon lokaci, wanda in ya ɗara shi ko da kaɗan ne, nan da nan numfashi zai ƙure, cinyoyi su yi nauyi. Wannan ita ce iyakar juriya, kuma masana kimiyyar motsa jiki sun daɗe suna neman hanyar auna ta.

Mece Ce Iyakar Juriya?

Tsoka tana ƙona sukari da kitse da taimakon iskar oksijin domin ta sami kuzari. Idan aiki ya tsananta, sinadarin laktet yakan taru a jini fiye da yadda jiki yake iya kwashe shi, daga nan kuwa gajiya ba ta da nisa. Ana auna ƙarfin da mahayi yake zubawa a kan feda da ma'aunin wat. A littafin da Hunter Allen da Andrew Coggan suka fitar a 2006, an yayata fassara wannan iyaka da cewa ita ce mafi girman ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa ɗaya. Da yake awa guda ta cikakken ƙoƙari azaba ce, sai manhajojin horo a kan keken cikin ɗaki, irin su Zwift da TrainerRoad, suka koma ga gajerun gwaje-gwaje.

Gwaje-gwaje Uku

Na farko shi ne gwajin minti 20. Mahayi zai tuƙa iya ƙarfinsa, sannan a ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin ƙarfin. Alal misali, wanda ya sami wat 200, iyakarsa wat 190 ke nan. Matsalarsa ita ce rabon ƙarfi: sabon shiga yakan fara da zafi, ya sare kafin ƙarshe, sai lissafi ya fito ƙasa da gaskiya.

Na biyu gwajin minti 8 ne, wanda ake yi sau biyu da hutu a tsakani, a ɗauki kashi 90 cikin 100. Ya fi sauƙin jurewa, amma gajartarsa takan ba mai gudun fizge damar nuna fiye da abin da yake iya riƙewa.

Na uku shi ne gwajin hawa-hawa. Na'ura takan ƙara nauyin feda kowane minti har mahayi ya kasa, sannan a ɗauki kashi 75 cikin 100 na mintin da ya fi ƙarfi. Wanda ya kai wat 260 zai sami wat 195. Ba ya buƙatar dabarar rabon ƙarfi, sai dai kashi 75 ɗin nan matsakaici ne na mutane masu yawa. Mai ƙarfin fizge yakan sami lamba sama da haƙiƙaninsa, mai dogon numfashi kuwa ƙasa da nasa.

Ashe dukkan ukun ƙiyasi ne. Kuskuren kuwa yana da illa, domin manhaja tana gina horon makonni ne a kan wannan lamba. In ta yi yawa, mahayi zai riƙa galabaita ba tare da jiki ya murmure ba.

Tasirin Zafi

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na kuzarin da tsoka ta ƙona yake zama aiki, saura duk zafi ne. Wato mai zuba wat 200 a kan feda yana haifar da zafin da ya kai wat 600 a jikinsa. A kan hanya iska tana busar da gumi, a cikin ɗaki kuwa sai da fanka. A kwarin Rima, inda zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, jini mai yawa yana karkata zuwa fata don sanyaya jiki, bugun zuciya ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Saboda haka kwatanta gwajin bazara da na sanyin Disamba ba zai ba da sahihiyar amsa ba.

Aikin Makaranta

Makarantar da ba ta da na'urar auna wat tana iya koyar da wannan darasi da agogo kawai. A auna kewayen filin wasa, ɗalibi ya tuƙa keke na minti 12 da sassafe, a rubuta nisan da ya ci. Da ya tsaya sai a ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. A maimaita bayan mako 6, da keke ɗaya, a lokaci ɗaya. Idan nisa ya ƙaru alhali bugun bai ƙaru ba, juriya ta inganta. Wajibi ne malami ya tanadi ruwan sha, ya kuma keɓe masu cutar sikila, da masu asma ko ciwon zuciya, da masu azumi, domin ƙure jiki tare da ƙishirwa yana iya jefa su cikin haɗari.

Kammalawa

Babu gwajin da ya dace da kowa. Ƙwararre ya fi amfana da na minti 20, sabon shiga kuwa da na hawa-hawa. Abin da kimiyya take buƙata shi ne a zaɓi guda ɗaya a tsaya a kansa, a kuma daidaita yanayin da ake yin sa, domin mudun da aka auna da shi jiya, shi ne zai nuna ko hatsi ya ƙaru yau.