Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Cikin Ƙwallon Golf?

Wani mai sauraronmu daga jihar Kebbi yana tambaya: ƙananan ramukan da ke jikin ƙwallon golf ado ne? Kuma me ya sa wani ya fi wani tsada?

To Malam, ba ado ba ne. Ramukan nan, galibi tsakanin 300 zuwa 500, su ke rage turjiyar iska, su taimaka wa ƙwallon ya ɗaga sama. Da a ce sumul yake, da wajen rabin tafiyar kawai zai yi. Dokar wasan kuma ta hana nauyinsa wuce giram 45.93.

Tsadar kuwa daga ciki take. Mai araha hawa biyu ne: curin roba da ɓawo mai tauri. Yana nisa, ba ya saurin ƙujewa. Mai tsada yana da hawa uku zuwa biyar da ɓawo mai laushi, wanda ke kama fuskar sanda ya yi juyi sosai, har gwani ya tsayar da shi dab da ramin da ake son saka shi. Titleist Pro V1, da ya fito a 2000, shi ne fitaccen irinsu.

Amma fa juyin nan, idan bugu ya karkace, shi zai ƙara kai ƙwallon cikin daji. Ɗan koyo a filin golf na Kano ko Kaduna, musamman da rani da ƙasa ke bushewa ƙaƙas, gara ya sayi mai hawa biyu, don ko ba komai zai ɓatar da ƙwallaye da dama kafin hannunsa ya faɗa.