Bushewar Ido: Ma'anarta, Musabbabanta da Hanyoyin Kula da Ita a Ƙasar Hausa

Tsakure

Bushewar ido tana cikin larurorin da suka fi kai mutane gaban likitan ido, kuma tana cikin waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Wannan muƙala ta yi bayanin yadda hawaye suke da aikin da suke yi, sannan ta kawo ma'anar larurar da rabe-rabenta da musabbabanta da hanyoyin kula da ita. Muƙalar ta nuna cewa sunan da ake kiran larurar da shi a Hausa yana cin karo da abin da majinyaci ke gani a idonsa, domin sau da yawa busasshen ido shi ne mai yawan zubar da hawaye. Wannan saɓani yana cikin abin da ke sa a nemi maganin da bai dace ba. A ƙarshe an ba da shawarar wasu keɓaɓɓun kalmomi da za su taimaka wajen wayar da kan jama'a.

Fitilun Kalmomi: ido, hawaye, bushewar ido, hunturu, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cututtukan ido, ya kuma raɗa wa da yawansu suna. Akwai hakiya da yana da dundumi da hazbiya da amosanin ido. Daga baya aka sami apolo da hawan jinin ido. Kowanne daga cikin waɗannan sunaye yana kawo wa mai sauraro hoton wata cuta da ya sani. Bushewar ido ba ta sami wannan gata ba. Suna ne da ya shigo ta hanyar fassarar bayanan asibiti, kuma bai zauna daram a bakin jama'a ba. Mai fama da larurar yakan ce idonsa na yaji, ko yana jin kamar an zuba masa yashi, ko kuma idon na yawan ruwa. Da wuya ya ce idonsa ya bushe.

Manufar wannan muƙala ita ce fito da abin da ilimin likitanci ya tabbatar game da larurar cikin harshen Hausa, tare da duba inda harshe ke taimakon fahimtarta da inda yake kawo cikas.

2.0 Hawaye da Aikinsu

Hawaye iri uku ne. Akwai na kuka, akwai waɗanda ke zubowa idan hayaƙi ko albasa ko ƙura suka taɓa ido, akwai kuma waɗanda ke lulluɓe da ƙwayar ido dare da rana ba tare da an gan su ba. Wannan nau'i na uku shi ne abin dubawa a nan.

Lulluɓin hawaye hawa uku ne. Hawan ƙasa yauƙi ne da ke fitowa daga tantanin da ya rufe farin ido, aikinsa shi ne manna hawaye a jikin ƙwayar ido. Hawan tsakiya ruwa ne da ke fitowa daga maɓuɓɓugar hawaye, wadda ke can saman ido ta wajen gefen gira. A cikin wannan ruwa akwai gishiri da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, ciki har da laisozayim wanda Alexander Fleming ya bayyana a shekarar 1922. Hawan sama kuwa maiƙo ne da ke tsatsowa daga wasu ƙananan matsatsu da ke jere a bakin fatar ido, kimanin 25 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. Likitan Jamus Heinrich Meibom ne ya yi bayaninsu a shekarar 1666, shi ya sa ake kiran su da sunansa. Kamar yadda mai ke kwanciya a kan miya ya tare tururi, haka wannan maiƙo ke hana ruwan hawaye saurin ƙafewa.

Duk ƙiftawa ɗaya tana sake shimfiɗa wannan lulluɓi. Mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti guda idan yana zaune a sake. Ragowar hawaye kuma sukan bi ta wasu ƙananan kafofi da ke kusurwar ido su gangara cikin hanci. Wannan alaƙa ta ido da hanci ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, shi da yake cewa abin da ya taɓa hanci shi ke sa ido ruwa.

3.0 Ma'anar Bushewar Ido da Rabe-Rabenta

Ƙungiyar masana lulluɓin hawaye da farfajiyar ido ta duniya, wato TFOS, ta fitar da babban rahotonta na farko a kan larurar a shekarar 2007, ta sake fitar da na biyu a 2017. Rahoton na biyu ya bayyana bushewar ido a matsayin cutar farfajiyar ido mai musabbabai da yawa, wadda jigonta shi ne rushewar daidaiton lulluɓin hawaye. Rahoton ya nuna cewa yawan masu fama da ita yana kamawa daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin ɗari, gwargwadon al'ummar da aka bincika da ma'aunin da aka yi amfani da shi.

An kasa larurar gida biyu. Kashi na farko shi ne inda maɓuɓɓugar hawaye ta gaza samar da isasshen ruwa. Kashi na biyu shi ne inda ruwan ke samuwa amma yake saurin ƙafewa, galibi saboda toshewar matsatsun maiƙo. Wannan na biyu ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma akan sami mutum ɗaya da duka biyun.

Ko ta wace hanya larurar ta faro, abin da ke biyo baya ɗaya ne. Idan ruwa ya ragu, gishirin da ke cikin hawaye sai ya yi yawa, ya riƙa cin farfajiyar ido, ya haifar da kumburi. Kumburin kuma sai ya lalata tantanin da ke samar da yauƙi, lulluɓin ya ƙara lalacewa. Haka abin zai yi ta kewayawa. A nan ne kuma ake samun bayanin abin da ke ɗaure wa majinyata kai. Jijiyoyin ido idan suka ji raɗaɗi sukan aika saƙo a kwararo da hawaye irin na albasa. Waɗannan hawaye ruwa ne tsinkakke da ba ya zama a kan ido, sai ya gangaro kumatu, ido kuma yana nan cikin ƙishinsa.

4.0 Musabbaban Bushewar Ido

4.1 Yanayi da Muhalli

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ke kaɗawa daga Sahara, ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Iskar da ke sa leɓe da dunduniya su tsage ita ce ke tsotse hawaye. 'Yan acaɓa da masu tuƙa keke-napep da manoman rani da masu sana'a a bakin titi sun fi shiga wannan hali. Hayaƙin itace a madafi da hayaƙin taba da iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki idan tana bugun fuska duk suna ƙara rura wutar.

4.2 Kallon Allo

Idan mutum ya ƙura wa waya ko kwamfuta ido, ƙiftawarsa takan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma yawancin ƙiftawar ba ta rufe ido ruf. Wannan ya sa larurar da a da aka fi sani ga dattawa ta zama ruwan dare tsakanin ɗalibai da malamai da ma'aikatan ofis.

4.3 Shekaru da Cututtuka

Samar da hawaye yana raguwa da manyanta, kuma mata sun fi maza kamuwa, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Ciwon sukari da amosanin gaɓɓai suna cikin cututtukan da ke tafiya da ita. Akwai kuma larurar da likitan ido ɗan ƙasar Suwidin Henrik Sjögren ya yi bayaninta a 1933, inda garkuwar jiki ke far wa maɓuɓɓugar hawaye da ta yau, ido da baki su bushe tare. Kusan tara cikin goma na masu wannan larura mata ne.

Wasu musabbabai biyu sun fi shafar yankin Sahel. Na farko amosanin ido, wanda tabon da yake bari a cikin fatar ido ke lalata hanyoyin hawaye da tantanin yauƙi. Na biyu ƙarancin bitamin A ga yara, musamman bayan ƙyanda. Wannan yakan fara da dundumi, sannan farin ido ya bushe ya yi tabo mai kama da kumfa, idan ba a yi hanzari ba gaban baƙin ido ya narke, yaro ya makance.

4.4 Magunguna da Kwalliya

Magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da wasu na ciwon damuwa, suna rage hawaye. Kwalli idan aka ja shi a kan bakin fatar ido ta ciki yana kwanciya ne a daidai kafofin matsatsun maiƙo. Akwai kuma batun dalma. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu da gubar dalma a jininsa sakamakon kwallin da aka kai daga Nijeriya, wanda gwaji ya nuna sama da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce.

5.0 Alamomi da Gwaji

Alamomin sun haɗa da yaji da raɗaɗi da jin kamar tsakuwa a ido, da ja, da nauyin fatar ido, da ƙin haske, da zubar hawaye a cikin iska. Wata alama mai muhimmanci ita ce dishi-dishin gani da ke washewa da zarar an ƙifta. Galibi abin ya fi tsanani da yamma ko bayan dogon karatu.

A asibiti akan ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa a ido, a ƙirga daƙiƙoƙin da lulluɓin hawaye zai yi kafin ya tsage. Ƙasa da daƙiƙa 10 alama ce ta matsala. Akwai kuma gwajin da Otto Schirmer ya ƙirƙiro a 1903, inda ake saƙala siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa har minti 5. Idan jiƙewar ba ta wuce milimita 5 ba, ruwan hawaye ya yi ƙaranci ƙwarai.

6.0 Hanyoyin Kula da Larurar

Bushewar ido larura ce da ake lallaɓawa tsawon lokaci, kuma kulawar hawa-hawa ce.

Matakin farko gyaran ɗabi'a da muhalli ne. Mai aiki da allo ya riƙa ɗauke ido duk bayan minti 20, ya dubi abu mai nisan kamar mita 6 har daƙiƙa 20, yana ƙiftawa sosai. A ajiye allo ƙasa da saitin ido, a kauce wa iskar fanka, a sa tabarau mai rufe gefe lokacin hunturu ko hawan babur.

Mataki na biyu gasa fatar ido. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwa mai ɗumi wanda fata za ta iya jurewa, a ɗora a kan ido a rufe na minti 5 zuwa 10, sannan a murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, a goge bakinta. Ɗumin yana narkar da daskararren maiƙo kamar yadda rana ke narkar da man shanu.

Mataki na uku ɗigon jiƙa ido, wanda ke tsayawa a madadin hawaye. Wanda ke bukatar ɗigawa fiye da sau huɗu a yini ya nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin shi kansa sinadarin yana cin farfajiyar ido idan ya yi yawa. Idan waɗannan ba su wadatar ba, likita na iya rubuta ɗigon rage kumburi irin su saikulosforin, ko ya toshe kafofin da hawaye ke bi zuwa hanci domin su daɗe a ido.

Ta fuskar abinci, manja da karas da zogale da alayyafo da gwanda da mangwaro da hanta da ƙwai suna samar da bitamin A. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 ƙarin bitamin A duk bayan wata 4 zuwa 6 a wuraren da ƙarancinsa ya zama matsala. Ƙwayoyin man kifi kuwa, wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 bai sami fifikonsu a kan man zaitun da aka gwada su da shi ba.

Babban haɗari yana ga maganin da mutum ke saya wa kansa. Ɗigon da ke ɗauke da sitiroyid, irin su dekzametason, yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, amma daɗewa ana amfani da shi na iya haifar da hawan jinin ido da yana. Ganin da hawan jinin ido ya tafi da shi ba ya dawowa. Haka nan ɗiga nonon uwa ko ruwan sukari ko ruwan tsirrai na iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin idon da kariyarsa ta riga ta raunana. Ciwo mai tsanani, ko raguwar gani da ƙiftawa ba ta gyarawa, ko farin ɗigo a baƙin ido, alamu ne na gaggauta zuwa asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA da ke Kano.

7.0 Matsalar Suna

Kalmar ido tana da yalwar ma'anoni na sarrafa harshe. Ruwan ido kasa zaɓi ne, tsaurin ido rashin kunya ne. Idan aka ce idon wane a bushe yake, tunanin mai sauraro ya fi saurin tafiya ga hali fiye da cuta. Ga kuma saɓanin da aka ambata a baya: an ce wa mutum idonsa ya bushe alhali yana share hawaye da gefen riga. Wanda bai gamsu da sunan cutarsa ba da wuya ya riƙe maganinta. Sai ya ɗauka apolo ce ko ƙaiƙayi, ya nufi kantin magani.

Saboda haka muƙalar tana ba da shawarar a bar bushewar ido a matsayin gamammen suna, a ƙara mata wasu biyu. Ƙarancin hawaye ya dace da kashi na farko, ƙafewar hawaye kuma da na biyu. Kalmar ƙafewa ta fi kusa da abin da ke faruwa, domin Bahaushe ya san tafki na ƙafewa ko da ya cika da damina. Sannan duk bayanin da za a yi a rediyo ko a asibiti ya fara da kalmomin majinyaci, wato yaji da yashi da zubar ruwa, kafin a kai ga sunan cutar.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa lafiyar ido ta dogara ne ga daidaiton yauƙi da ruwa da maiƙo, kuma rushewar wannan daidaito ita ce bushewar ido. An ga yadda hunturu da allo da shekaru da wasu cututtuka da magunguna ke haifar da ita, da matakan da ake bi wajen kula da ita. An kuma ga cewa kuskuren fahimtar suna na iya kai mutum ga maganin da zai salwantar da ganinsa. Samar da ingantattun kalmomin lafiyar ido a Hausa aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe da likitocin ido baki ɗaya.