Darasi: Ciwon Cikin da Yake Cinye Jari

'Yan uwana mata, bara sau uku ina karɓar rance daga asusunmu saboda murɗawar ciki. Da ya motsa, sai in aiki yaro kemis ya sayo min kafso. Ya lafa kwana biyu, ya dawo. Kuɗin gyaɗar ƙuli-ƙulina duk a magani ya ƙare.

Sai da na je Babban Asibitin Tudun Wada aka fahimtar da ni. Ashe a hanjinmu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Yawancinsu masu amfani ne, suna taya mu narkar da abinci. A bangon hanji kuma akwai sojojin garkuwar jiki, dab da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ƙwaƙwalwa. Idan gudawa ko shan kafso barkatai ya hargitsa bakteriyar, sojojin nan sukan harzuƙa, su saki sinadarin da ke sa jijiyoyin saurin jin zafi. Shi ya sa 'yar iska kaɗan ma sai ta zama murɗa.

Abin yi:
1. Kada ki sha kafso sai ma'aikacin lafiya ya rubuta miki.
2. Ki riƙa cin wake, zogale da kindirmo mai tsafta. Wake a fara da kaɗan, don yana kumbura ciki.
3. In kin ga jini a bayan gida, rama, zazzaɓi ko aman da ya ƙi tsayawa, maza asibiti.

Mu tattauna: nawa kowaccenmu ta kashe a kemis wannan watan?