Darasin Juma'a: Ba Ko'ina Gabas Take Alƙibla Ba

Wani daga cikinmu ya je Dubai saro kaya, ya yi kwana 3 yana salla a ɗakin otal yana fuskantar mafitar rana. Sai a rana ta 4 ya hango kibiya manne a silin. Ashe duk ya ba Ka'aba baya!

Sabo ne ya ja masa. In mun ce "gabas" alƙibla muke nufi, domin daga nan Lafiya Makka tana gabas, ta ɗan karkata arewa. Amma a Dubai yamma take, a Alƙahira kuwa kudu maso gabas. A Risala, wanda ya kuskure alƙibla zai sake salla matuƙar lokacinta bai fita ba. Malamai sun ce wannan ga wanda ya yi ƙoƙarin bincike ne. Shi ko namu, ga masallaci a bakin titi amma bai tambayi kowa ba, don haka muka ba shi shawara ya rama duka, ya fita daga saɓani.

A jirgin ruwa kuma, in jirgi ya juya kana cikin salla, sai ka juya ka bi alƙibla. Za ka yi ƙasaru, amma a mazhabar Malikiyya rangwamen haɗa salla biyu na matafiyin tudu ne.

Ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48. Makurɗi ta kai, Doma ba ta kai ba. In ka yi niyyar zaman kwana 4, cika sallarka.