Darasi: Yadda Fostocin Suwizalan Na 1950 Suka Tsara Fuskar Wayarka

Kafin ka ci gaba da karatu, buɗe sashen saiti na wayarka ka duba da kyau. Rubutun a miƙe yake ba lanƙwasa, kowane layi ya fara daga gefe ɗaya, kuma akwai sarari tsakanin abu da abu. Wannan tsari ya girmi wayar da fiye da shekara hamsin, kuma idan kana haɗa takardar talla a Canva ko PixelLab, saninsa zai taimake ka.

Daga ina ya samo asali?

A 1919 Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus. Aƙidarsu ita ce amfanin abu shi zai yanke yadda siffarsa za ta kasance, ado ya biyo baya. An rufe makarantar a 1933 saboda matsin lambar 'yan Nazi, amma tunanin bai mutu ba.

A shekarun 1950 masu zane a biranen Zurich da Basel na Suwizalan suka mayar da shi ƙa'ida. Fitacce a cikinsu shi ne Josef Müller-Brockmann, wanda kan raba takarda gida-gida da layukan awo kafin ya sa komai a kai, kamar yadda magini ke ja igiya kafin ya jera bulo. A 1957 kuma Max Miedinger da Eduard Hoffmann suka fitar da salon haruffan da aka sa wa suna Helvetica a 1960. Haruffa ne marasa ƙafa da jela, ana karanta su daga nesa. Su ne a allunan tashoshin jirgin ƙasa na birnin New York har yau.

Yaya ya shigo waya?

Wayoyin iPhone na farko sun bi wata hanya dabam. Manhajar rubutu kamar takarda rawaya mai layi take, ta littattafai kuma kamar kantar katako. An yi haka ne domin a lokacin mutane ba su saba da taɓa gilashi ba, sai aka nuna musu abin da suka sani.

A 2010 Microsoft ya fito da Windows Phone 7 da tsarin Metro: murabba'ai masu launi ɗaya da manyan haruffa, wanda ya aro daga salon Suwizalan da allunan tashoshi. Wayar ba ta yi kasuwa ba, amma salon ya yaɗu. A 2013 Apple ya share katako da fata a iOS 7, ya dogara da siraran haruffan Helvetica Neue. A 2016 Instagram ma ya ajiye tsohon tambarinsa mai kama da kyamarar gaske.

Sai dai an wuce gona da iri. Da komai ya zama a shafe, mutane suka riƙa kasa bambanta maɓalli da rubutu zalla. Tsarin Material Design da Google ya fitar a 2014 ya riƙe layukan awo, amma ya yi amfani da 'yar inuwa domin a gane abin da ake dannawa. Wanda ya kwafi kamannin salo bai san dalilinsa ba, nan yake tuntuɓe. Dalilin kuwa tun farko shi ne a fahimci saƙo da sauri.

Yadda za ka yi amfani da shi

Mai duba sitatus na WhatsApp ba zai tsaya neman farashinka a cikin furanni da taurari ba, gaba zai yi. Don haka:

1. Kunna layukan awo a manhajarka, ka jera rubutu duka daga gefen hagu ɗaya.

2. Kada ka wuce salon haruffa biyu. Ka tabbatar wanda ka zaɓa yana da ɓ, ɗ da ƙ, domin wasu kan mayar da su akwati ko su sauya musu siffa. Noto Sans yana da su.

3. Ka yanke abin da ya fi muhimmanci, ka sa shi ya fi komai girma. Sunan kaya, sai farashi, sai lambar waya.

4. Bar sarari. Ba kowane gurbi ne sai an cike shi ba.

5. Launi biyu ko uku sun isa, kuma rubutu ya fita sosai daga launin bayansa.

Ga aikin gida: ɗauko tallar da ka haɗa a baya, ka cire duk abin da ba ya isar da saƙo, ka sake jera sauran a kan layi. Nuna wa wani tsohuwar da sabuwar na daƙiƙa uku kowacce, sannan ka tambaye shi nawa ne farashin. Wadda ya tuna farashinta, ita za ka ɗora.