Naman bayan damtse: wane motsi ke ƙara mashi ƙarfi?

Ɗan'uwa mai karatu, miƙe hannunka, ka taɓa bayan damtsenka. Ka ji wani nama ya yi tauri? Shi ne ke miƙe gwiwar hannu. Da shi muke tura amalanke, da shi mace ke sauke taɓarya cikin turmi. Ɗan kokowa ma da shi yake ture abokin karawarshi. Tun 1975, da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, samarinmu ke son ƙarfin damtse.

Amma da yawa suna kuskure. Sai su yi ta ɗaga dutse suna lanƙwasa hannu. Wannan naman gaba kawai yake ginawa. Alhali na baya ya fi girma. Kai ukku gare shi. Biyu suna manne da ƙashin damtse, na ukku, mai tsawo, ya kai har allon kafaɗa.

To, yaya za ka zaɓi motsi? Ka'ida guda ce: in motsin bai sa ka miƙe gwiwar hannu kana tura nauyi ba, ba na wannan nama ba ne. Ga guda ukku da ba su son kuɗi.

Na ɗaya: kwanta rub da ciki bisa tabarma. Sa tafukanka daidai ƙirji, kusa da juna. Tura ƙasa har hannuwa su miƙe, sannan ka sauka sannu. Bayanka shi tsaya sak. In ya yi maka wuya, dafa gwiwoyi ƙasa.

Na biyu: zuba ruwa cikin ƙaramin bido. Litar 1 ta ruwa kilo 1 ce. Fara da litar 2 ko 3. Riƙe shi da hannu biyu bisa kanka, sauke shi bayan ƙeya, ka sake miƙewa. Wannan shi ya fi kama kan nan mai tsawo, don hannu na sama.

Na ukku: juya wa benci mai ƙwari baya, dafa bakinshi, ka sauka kaɗan, ka taso. Kada ka sauka da yawa, kafaɗa ba ta so. Mai ciwon kafaɗa shi bar wannan.

Zaɓi biyu sun isa. Kowane ka yi shi sau 8 zuwa 12, ka huta minti 2, ka koma, har zubi 3. Kwana 2 ko 3 cikin sati, ba a jere ba. Lokacin hutu ne nama ke ginuwa. In sau 12 ya zama wasa, ƙara litar 1. Ka ci wake, gujiya, ƙwai, ka sha nono, ka yi barci isasshe.

Gajiyar nama ba komi ba ce. Amma in ka ji suka cikin gaɓa, tsaya nan take. In ciwon bai tafi ba, je gidan likita. Wanda ya ɓata gwiwar hannu da rani don gaggawa, wa zai riƙe mashi hauya da damina?

Tambayoyi
1. Mine ne aikin naman bayan damtse?
2. Litar 3 ta ruwa kilo nawa ce?
3. Yaushe ya kamata a tsaya?