Yadda Za Ka Shigar da Mai Karatu Cikin Fadar da Ka Ƙirƙira

Filin koyon rubutu na wannan makon zai tsaya ne a kan abu guda: yadda za ka siffanta cikin fada a labarin da ka ƙirƙira, irin labarin aljanu da sarakunan da ba a taɓa yin su ba a duniya.

Abin da ya sa na zaɓi wannan shi ne, labaran da ake kawo wa kulob ɗinmu kusan duk akwai sarki a ciki. Amma da jarumi ya iso gidan sarkin sai marubuci ya ce, "Ya shiga wata fada mai kyau ƙwarai da gaske, ko'ina zinariya da lu'ulu'u," shi ke nan ya wuce. To me mai karatu ya gani? Bai san ta wace ƙofa aka shiga ba, bai san ko da duhu ko da haske ba, bai san wanda ya tare jarumin ba. Fadar sarkin aljanu da ta sarkin mutane duk sai su zama iri ɗaya. Kuma ba a bangon makaranta kaɗai abin yake cutar da mu ba. Ranar jarrabawa idan aka ce a rubuta insha'in siffantawa, "mai kyau ƙwarai da gaske" ba ta kawo maki.

Wasu kuma sukan ɗauko fadar da suka gani a fim ko a katun: ginin dutse, hasumiya mai tsini, gada da ake ɗagawa da sarƙa, murhu a jikin bango wuta na ci. Irin wannan gini akwai shi da gaske a Turai. Fadar Windsor da ke Ingila, misali, an fara gina ta ne bayan shekarar 1066, zamanin Sarki William. Sai dai kowane abu a cikin irin waɗannan gidaje da dalilinsa. Murhun saboda sanyin ƙasarsu ne. Siraran tagogin kuma domin maharbi ya saki kibiya daga ciki ba tare da an same shi ba. Idan jaruminka ya keto daji a zafin watan Afrilu, gumi na zuba, sannan ka shigar da shi ɗakin da aka hura wuta don jin ɗumi, mai karatu zai yi dariya a wurin da ba ka so ya yi ba.

Ni a ganina fadar labari shiga cikinta ake yi, ƙofa bayan ƙofa, kuma kowace ƙofa akwai wanda take hana wa wucewa. Idan ka san wannan, ka gama rabin aikin.

Mu fara da abin da muka sani. Dubi tsohon gidan ƙasa a nan Malam Madori. Da zaure ake fara cin karo, kuma nan ne iyakar baƙo namiji. Ku lura da kyau, yawanci ƙofar shiga zaure da ƙofar da ke kai mutum cikin gida ba sa kallon juna. An karkatar da ɗaya ne don kada mai wucewa a titi ya hango tsakar gida. To fada haka take, sai dai zaurukan sun fi yawa kuma sun fi girma. Gidan Rumfa na Kano, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, yana da faɗin kimanin eka 33, wato kusan filin ƙwallo 18. Daga Ƙofar Kudu mutum zai bi fili da soraye, cikinsu har da Soron Ingila inda ake karɓar manyan baƙi. Can ciki kuma akwai ɓangaren iyalin sarki, inda ba kowa ke taka ƙafa ba, sai dai jakadiya ta shiga da saƙo ta fito da amsa.

Saboda haka kafin ka rubuta jimla ko ɗaya, ɗauki bayan littafinka ka zana fadar. Ƙofa nawa ce? A wacce ake sauka daga doki? A wacce ake cire takalmi? Ina mai kawo ƙara yake tsayawa, ina hakimi yake kaiwa? Daga nan labari yake fitowa da kansa, domin dole ka tambayi kanka ta yaya jaruminka, wanda ba ɗan kowa ba ne, zai wuce ƙofa ta uku. Waɗanda suka karanta littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam za su tuna cewa aku yana ta ba Musa labarai ne dare bayan dare don kada ya fita daga gidan sarki. Kun ga ashe littafi guda ya rataya a kan ƙofa.

Kada kuma a manta cewa sarakunan da suna gini ne da tsoron abokan gaba. An fara ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce. Haɗejiya ma birni ce mai ganuwa da ƙofofi. A watan Afrilun 1906 sojojin Turawan Ingila suka shige ta, aka gwabza a cikin gari, Sarki Muhammadu ya rasu a wannan yaƙin, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Don haka idan sarkin labarinka yana da maƙiya, a ga alamar haka a gidansa: ƙyaure mai kauri da aka ɗaure da ƙarfe, sakata kamar cinyar mutum, lungun da doki biyu ba za su iya jerawa ba.

Yanzu sai kayan gini, kuma nan ne na fi so mu daɗe, domin a nan kalmomin da za su ƙawata rubutunmu suke. Bangon fadar ƙasar Hausa da tubali ake yin sa, wato ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka mulmula, gindi da faɗi kai da tsini, aka shanya a rana. Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa. Kaurin nan ne yake sa soro ya yi sanyi da tsakar rana. Tagogi kaɗan ne, ƙanana, kuma can sama. Ke nan wanda ya fito daga hasken rana ya shiga soro, da farko ba ya ganin komai, sai idonsa ya saba. Wannan kaɗai ya isa jimla mai kyau.

Rufi kuma da azara ake yi, itacen giginya da aka tsaga. Ana son ta ne saboda gara ba ta cika cin ta ba. Amma tana da iyaka: idan tazarar ta kai kusan mita 2 babu abin da ya tallafe ta, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. To ta yaya magina suka samu babban soron da zai ɗauki sarki da fadawansa? Sai su kafa azara a jikin bango ta wannan gefe da wancan, su ɗaura wata a kan wata tana ɗan leƙowa gaba, a hankali a hankali har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakan gizo suka gitta juna suka ɗauki rufin da ya yi tudu, ana ce masa ɗaurin guga. A daidai inda suka haɗu wani lokaci akan manna faranti ko tasa mai ƙyalli. Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Muhammadu Durugu, da ake kira Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

A waje kuma akwai zanko, ƙahonnin nan da ke tsaye a kusurwar gini, da indararo da ke zubar da ruwan sama nesa da bango. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya ci shi. Ga kuma zanen dagi a saman ƙofa. Abin takaici, yawancinmu mun fi sanin bulo da siminti da kwanon rufi. Duk shekarar da ambaliya ta zo yankinmu gidajen ƙasa ne suke fara zubewa, kuma masu hali da bulo suke sake ginawa. Ba na ganin laifinsu, kowa yana son ya kwana da kwanciyar hankali da damina. Amma soro na faɗuwa kalmominsa na bin sa. Idan akwai tsohon magini a unguwarku, je ka gaishe shi ka ce, "Baba, yaya ake ɗaura bakan gizo?" Abin da zai gaya maka ya fi abin da na rubuta nan.

Fada ba kango ba ce, sai da mutane. Ga dogarai da riguna ja da kore, ga zagage, ga masu busa kakaki da algaita, ga mai riƙe da laima, ga dawaki a turke ana zuba musu harawa. Ba sai ka jera su duka ba. Zaɓi biyu ko uku, ka ba kowanne abin da yake yi. Sannan ka tuna mai karatu yana da hanci da kunne. Warin barga, ƙamshin turaren wuta, warin jemagu a tsohon soro, yadda murya take amsawa a ƙarƙashin rufi mai tsawo, sanyin daɓe a tafin ƙafa bayan an cire takalmi.

To ina sihirin? Shawarata ita ce kowane ɗaki ya samu abin mamaki guda ɗaya tak, sauran kuma su kasance kamar na gaske. Idan bango na magana, ƙasa na tashi, fitila na rawa duk a lokaci guda, mai karatu zai gaji ya daina jin tsoro.

Ga gwajin da na yi. Labarin wata yarinya ce 'yar masunta da ta je fadar Sarkin Kadoji, can tsakiyar fadama, don ta karɓo ƙaninta da ruwa ya tafi da shi:

"Ta tura gorarta ta cikin kacala har ta dunguri tudu. Zauren farko ba shi da ƙyaure, taru ne aka rataya a ƙofar, kuma har yanzu yana ɗiga. Ta ɗage shi ta shiga. Duhu ya rufe mata ido, sai ƙarni ta fara ji. Da idonta ya washe ta ga dogarai biyu zaune a kan dakali, rigunansu ja da kore, amma inuwarsu a jikin bango tana da jela. Ɗaya ya nuna mata tarin takalma a kusurwa. Duk na masu shiga ne, wasu har sun yi gansakuka. Ta cire nata ta riƙe a hannu.

Ƙofa ta biyu tana gefen hagu, gajeriya, sai da ta sunkuya. Soron ya fi na farko girma sau uku. Bakan gizo huɗu sun gitta juna a sama, kuma da ta duba sosai sai ta ga ba azara ce a cikinsu ba, haƙarƙarin giwan ruwa ne. Haske na shigowa ta 'yar taga guda, ya sauka a kan tasar da ke tsakiyar rufi, ya dawo ƙasa kamar kwabo. Masu ƙara suna zaune a jere, babu mai magana. A jikin bango akwai layi-layi na laka, alamar inda ruwa ya kai kowace shekara, na sama ya fi tsawon mahaifinta.

A ƙofa ta uku wata tsohuwar jakadiya ce zaune tana tsinke bado. Ba ta ɗago kai ba ta ce, 'Yarinya, daga nan ba a wucewa da suna. Ajiye naki a cikin ƙwaryar nan, in kin fito kya ɗauka.' Yarinyar ta leƙa ƙwaryar. A cike take."

Ku duba, ban ce fadar tana da ban tsoro ba ko sau ɗaya. Tarin takalman nan da ƙwaryar da ta cika su suka gaya muku cewa masu shiga sun fi masu fita yawa. Ban sa zinariya ba, domin sarkin da ke zaune a fadama da abin da ke fadama zai yi gini: taru, laka, ƙashin kifi. Da sarkin hamada ne da sai na nemi wasu kayan daban. Layin laka kuwa duk wanda ya taɓa ganin bangon da ruwa ya kwanta a jikinsa ya san shi, shi ya sa zai yarda da sauran ƙaryar da na yi. Kuma na bi tsarin da ido yake bi, daga ƙofa zuwa bango zuwa rufi, ban yi tsalle daga zaure na faɗa ɗakin sarki ba.

Na tsaya a ƙofa ta uku da gangan. Soro na huɗu, inda Sarkin Kadoji yake zaune da ƙanin yarinyar, na bar muku. Wanda ya ga zai iya ya rubuta shi, kada ya wuce shafi ɗaya, ya miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. A gaya mana ta ina haske yake shiga, da me aka yi rufin, da wanda ke tsaye a bayan sarki. Zinariya da lu'ulu'u dai an hana.